Rawayar Jaka a Birnin Jidda

Duk wanda Allah Ya ƙaddara masa shiga wani asibiti a Jidda, walau don jinya walau don duba majinyaci, zai tarar cewa hatta shara ta sami fiƙihunta, da babobi da sharuɗɗa, tun daga shekarar 2005 da Saudiyya ta zartar da dokar bai-ɗaya ta ƙasashen Larabawan Tekun Fasha game da sharar asibitoci. Audugar miki da duk abin da ke yaɗa cuta, rawayar jaka. Sassan jikin ɗan Adam, jar jaka, domin a binne su bisa shari'a. Allura da aska kuwa sai roba mai kauri wadda tsini ba ya hudawa, a liƙa mata alamar nan mai ƙahoni ta gargaɗin cuta da wani kamfanin Amurka ya ƙago a 1966, a rubuta inda ta fito da kwanan wata.

Madalla da wannan tsari, amma da hukumar kula da shara da aka kafa a 2019 za ta nemi fatawata in ta tashi bitar rubutun jikin robar, da na tuna mata da mutanenmu da suka taɓa zama a unguwar Karantina, wadda sunanta ma daga killace alhazai ya samo asali, domin Bahaushe, in ya ga roba mai murfi, lafiyayya, an jefar, to a mazhabarsa almubazzaranci ne, kuma kafin ya gama haɗa baƙin Larabcin da ke jikinta ya riga ya ƙiyasta mudu nawa na dabino za ta ci.