Yaron Shagon da Ba Ya Jin Labarai

Ɗan kasuwar canji ya rubuta 'yar manhajarsa da harshen MQL4, ya jona ta da dandalin ciniki na MetaTrader 4, ya yi mata huɗuba irin ta yaron shago: saya nan, sayar can, in asara ta kai kaza ki fice. Sai ya ja bargo, wai riba za ta same shi yana munshari.

Ranar 15 ga Janairun 2015, Babban Bankin Suwizalan ya janye shingen da ya sa wa kuɗin ƙasar na faran 1.20 kan Yuro ɗaya. Cikin mintoci faran ya yi tashin gwauron zabi. Manhajar, baiwar Allah, ta ruga ta sayar da Yuro, ta tarar masu saye sun watse.

Washegari wannan girgizar ta sa Alpari, kamfanin dillancin canji na Ingila, ya durƙushe.