Neman Kwandalar da Ta Fi Kowace Suɗewa

A Amurka akwai mutumin da zai biya kuɗin dubawa, ya biya na gidan waya, ya ɗora da inshora, ya aika kwandala guda ɗaya tal zuwa Kalifoniya don masana su duba ta su ba ta maki. Sai ya zauna zaman jira na makonni. Ranar da saƙon ya dawo zai buɗe hannu na rawa, ya ga an ba ta maki 2 cikin 70, ransa ya ɓaci. Makin ya yi masa yawa, shi 1 yake nema. Daga nan zai fasa gidan robar da aka rufo ta a ciki, ya mayar da ita aljihun wandonsa, ya ci gaba da yawo da ita shekara ɗaya ko biyu, ko Allah zai sa ta ƙara lalacewa yadda ya kamata.

Mutumin nan lafiyarsa ƙalau, kuma ba shi kaɗai ba ne. Cikin masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi akwai wani rukuni da ba su da buri sai su mallaki kwandalar da ta fi kowace suɗewa, wadda ta sha hannu har ta yi sumul kamar tayar tsohuwar motar haya. A can ana kiran harkar tasu lowball, wato neman na can ƙasa. Na daɗe ina bibiyar lamarinsu, kuma a ganina aikinsu ya fi na masu neman sabuwa fil wuya, ya kuma fi buƙatar ilimi. Amma sai an san ma'aunin kafin a ga dalili.

Ma'aunin na wani masanin halayyar ɗan Adam ne, William Sheldon, wanda a 1949 ya wallafa littafi a kan manyan kwandalolin senti ɗaya na jan ƙarfe da Amurka ta buga daga 1793 zuwa 1814. Shi lissafin farashi yake yi. Ya lura cewa in mafi lalacewa tana kan dala ɗaya, wadda ta ɗan fi ta dama tana kan huɗu, wadda kuwa ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ba ta da ko ƙwarzane, tana kai saba'in. Sai ya jera lambobi daga 1 zuwa 70. Farashi ya daɗe da barin wannan lissafi, amma lambobin sun zauna daram. Kamfanonin da ke sana'ar dubawa, irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, da su suke aiki har gobe: a duba kwandala, a ba ta lamba, a rufe ta a gidan roba garai-garai tare da 'yar takardar shaida.

Sunayen matakan ƙasa ma abin tsayawa ne a duba. Lamba 4 sunanta "mai kyau", alhali hoton da ke jikinta saura inuwa. Lamba 3 "ta kusa kyau". Lamba 2 "da dama-dama". Lamba 1 kuwa, wadda suke rubutawa PO-1, da kalmar da ake kiran matalauci ake kiranta, kuma ita ce amaryar da ake rububi. PCGS yana da rajista a intanet inda masu tarawa ke jera abin da suka mallaka ana gwada na wa ya fi, ya kuma ware wa waɗannan mutane nasu sashen, inda aka kifar da tsani: wanda matsakaicin makinsa ya fi na kowa ƙasa shi ne na ɗaya. Wanda jerinsa ya zama 1 tun daga farko har ƙarshe ya kai ƙololuwa, ba sauran inda zai sauka.

Wani zai ce to ina wahalar, ai lalata abu ba ya buƙatar zuwa makaranta. A nan ake yin kuskure. Kafin kwandala ta samu 1 sai ta cika sharuɗɗa biyu da ke zaman kishi da juna. Dole ta suɗe matuƙa, bakinta ya baje ya haɗe da rubutun gefe, fuskar da ke jiki ta koma kamar ta wanda ake hangowa cikin hazo. Kuma duk da haka dole a iya tabbatar da irinta, da shekararta, da gidan da aka buga ta. In suɗewar ba ta kai ba, 2 ce ko 3. In ta zarce da ƙiris har shekarar ta ɓace, ba ta da maki sam, ta zama faifan ƙarfe. Tsakanin nan da can tazarar ba ta fi kaurin gashi ba.

Sannan ga abin da ya fi kashe kasuwa: kada ta taɓa gamuwa da tsautsayi. In an huda ta, ta fita. In ta lanƙwashe, ko an sare ta a baki, ko wani ya zana sunan budurwarsa a kai da tsinin wuƙa, ko ta yi shekaru a ƙasa laima ta ci ta, ko wata mai tsafta ta dirje ta don ta yi ƙyalli, duk ta fita. Kamfanin zai rubuta cewa ta gaske ce, amma ba zai ba ta lamba ba. Hujin da aka yi tun a gidan bugu, irin na kwabo da ɗari da aninin da iyayenmu suka kashe kafin zuwan naira a 1973, shi ba lahani ba ne, halitta ce. Abin da ake nema shi ne kwandalar da ta yi shekara hamsin ko sittin tana fita aljihu tana shiga akwatin mai kanti, daga can zuwa hannun yaron da aka aika sayen burodi, kullum tana cikin aiki, ba ta taɓa faɗawa ƙarƙashin ƙafar keken doki ba. Sai kuma ta tsallake idon ma'aikacin banki, domin bankuna kan tsince waɗanda suka suɗe da yawa su mayar wa gwamnati a narkar. Irin wannan sa'ar ba kowace kwandala ke samu ba.

A ɗauki dalar azurfa da ake kira Morgan, da sunan George Morgan da ya zana ta, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka sake a 1921. Wata doka ta 1878 ce ta tilasta wa gwamnati sayen azurfa kowane wata tana mayar da ita dala, jama'a na so ko ba sa so. Jama'a kuwa, musamman na gabashin ƙasar, takarda suka fi so, don kwandalar nauyi gare ta, giram 26.73. Sai aka riƙa ɗura su a buhuna, dubu-dubu, ana jibgewa a taska. Da baitulmalin ƙasar ya daina bayar da su a 1964, an tarar da saura kusan miliyan uku, yawancinsu bugun Carson City, wani gari a jihar Nebada, masu ɗauke da haruffan CC. Na shekarar 1884 guda 1,136,000 aka buga, kuma 962,638 daga ciki suna nan kwance a taskar. Gwamnati ta sayar da su ga jama'a tsakanin 1972 da 1980. Saboda haka yau duk mai kuɗi a hannu zai iya sayen sabuwar 1884-CC kafin la'asar. Wanda ke neman wadda ta yi yawo a garuruwan mahaƙa har ta sauko lamba 1 zai iya cin shekaru bai ko ji labarinta ba. In ma ta samu, sai 'yan haruffan nan biyu da ke bayanta, ƙasan mikiya, sun tsira. Bugun Filadelfiya ba shi da harafi ko ɗaya, don haka mai dubawa yana da aiki ja: ya tabbatar wurin da ya gani wayam tun asali haka yake, ba gogewa ya yi ba.

Haka rabin dala mai hoton Kennedy ta 1964. An buga sama da miliyan 400, amma mutane suka riƙa ɓoye ta, wasu don tunawa da shugabansu da aka kashe, wasu don azurfar da ke ciki. Kuɗin da ba ya yawo ba ya suɗewa. Babbar dalar Eisenhower ta 1971 zuwa 1978 ma haka, ga ta da taurin ƙarfe, ga shi ba inda ta yi aiki sosai sai gidajen caca na Nebada. Shi ya sa mai lamba 1 a cikin irin waɗannan kan ninka sabuwarta kuɗi sau da yawa. Kasuwa ce kawai ke aikinta: abin da ya yi wuyar samu shi ke tsada.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu akasin haka ce, sun suɗe da yawa amma ta inda ba a so. Ka riƙe senti biyar mai hoton bauna, wadda James Earle Fraser ya zana aka buga daga 1913 zuwa 1938. A gefe ɗaya fuskar wani ɗan ƙabilun asalin Amurka ce, da kitsonsa da gashin tsuntsu a ka. Ka shafa babban yatsa a kanta, za ka ji inda ya fi tudu shi ne kafaɗar mutumin, kuma daidai nan aka ɗora shekarar. To nan hannu ke fara ci. Sai ka ga hanci na nan, kitso na nan, baunar tana tsaye da ƙafafunta huɗu, amma shekara ta tafi tun tuni. Irin waɗannan suna nan jibge ana sayarwa da araha, wasu ma maɓallin riga ake yi da su. Akwai wani ruwan asid da ake ɗigawa a kafaɗar, lambobin su sake bayyana kamar an tashe su daga barci, saboda ƙarfen da ke ƙarƙashinsu bai matsu daidai da na kewaye ba lokacin bugu. Sai dai ruwan yana barin tabo, tabo kuwa lahani ne, ta fita.

A nan ne ilimi ke ceton mai shi. Bugun farko na 1913 baunar a kan tudu take tsaye, kafin shekarar ta ƙare aka canza zanen. Don haka in ka ga tudun, ka san shekarar ko ba a rubuce ba. Haka senti ɗaya ta farko da gidan bugun Amurka ya fitar a 1793, guda 36,103, mai sarƙa a baya da zobba goma sha biyar, adadin jihohin ƙasar a lokacin. Mutane suka ce sarƙa alamar bauta ce, aka janye zanen cikin 'yan makonni. Yau za ka ga wadda fuskarta ta shafe tas, ba ido ba baki, amma sarƙar tana nan, ita ce ke ba da shaida.

Tunda akwai kuɗi a ciki, dole a samu masu algus. Wani zai sa samfefa, wani magagari, wani ya zuba kwandala a injin da ke juya duwatsu ya bar ta kwana da kwanaki. Na taɓa kai wannan zance wurin kawuna, maƙerin azurfa, wanda tsofaffin dalolin nan masu hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza, sun sha ratsawa ta hannunsa. Su ne waɗanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su, kuma shekarar 1780 ce a jikinsu ko da daga baya aka buga su.

Na ce, "Kawu, in aka kawo maka biyu, ɗaya sabuwa ɗaya ta suɗe, wacce za ka fi saya da tsada?"

Ya ce, "Ɗana, sikeli za ka tambaya. Wadda ta suɗe ta bar azurfarta a hannun mutane."

Da na ba shi labarin mutanen can, sai ya yi shiru, ya buɗe gwangwaninsa ya zaro wata da ta yi laushin gani, ya karkata ta wajen hasken ƙofa. Ya ce in duba. Tudun zanen ya kwanta, amma a cikin lungunan, gefen haruffa da ƙarƙashin haɓa, akwai duhun dauɗar shekaru da hannu bai kai ba. Ya ce magagari yana barin layi, kuma duk layukan hanya ɗaya suke bi. Inji yana cin tudu da kwari lokaci guda, ya bar ƙarfe da ƙyallin da bai dace da tsufansa ba. Hannu kuwa tudu kaɗai yake ci, a hankali, ta kowace fuska. Abin da masanan Kalifoniya ke dubawa ke nan da gilashin ƙara girma, kuma wadda suka kama an yi mata aikin gaggawa sukan mayar da ita ba lamba.

Saura hanya ɗaya da ake ta muhawara a kanta, ita ce ta mutumin da muka fara da shi, wato aljihu. Wasu sun ce wannan ma dabara ce, tunda da gangan aka yi. Wasu sun ce ai aljihu nan ne gidan kwandala tun fil azal, kuma gogar yadi da gumin yatsa su ne dai suka suɗar da sauran. Ni ina tare da na biyun, matuƙar mutum bai haɗa da wani abu ba, don lokacinsa ya zuba, shekaru ba kwanaki ba. Kuma aikin yana da ƙa'idoji. Ba a haɗa ta da makullai, suna yin ƙwarzane. Ana haɗa ta da 'yan'uwanta kwandaloli su riƙa gugar juna. Ba a yawan murza ta da yatsa wuri ɗaya, kada ta yi sheƙi a ce an goge ta. Sai an yi hattara da ranar wanki, da ranar da canji ya yanke a kanti, da yaran gida. Mafi girman haɗari shi ne mantuwa, don garin neman gira ake rasa ido: wata biyu na sakaci sun isa su tafi da shekarar, aikin shekara uku ya bi ruwa.

Shi ya sa duk bayan 'yan kwanaki, da dare, yake fito da ita ya karkata a gaban fitila yana neman lambobin nan huɗu. Ranar da ya ga saura ƙiris su ɓace, sai an juya ta ta wani ɓangare kafin a karanta, ranar zai sallame ta daga aljihu. Zai naɗe ta a takarda mai laushi, ya sa a ƙaramin kwali, ya cusa auduga ta kowane gefe, kada wani abu ya same ta kafin ta isa Kalifoniya.