Da Walakin Goro A Miya: Abin Da Ya Faru A Dandalin Bayan Coci

Matso, ƙawata. Ƙara matsowa. Wannan maganar daga bakina sai kunnenki, in ta fita ban san ki ba.

Kin dai san ni ke ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayon garinmu kaya, nan kudancin Faransa, ba nisa da Avignon. Sunan garin? A'a, ba za ki ji shi a bakina ba. Ƙungiyar 'yan sa-kai ce, irin wadda ake yi wa rajista a ƙarƙashin dokar 1901. Ba mai albashi. Da rana kowa na kan sana'arsa, da dare a taru a yi gwaji. Ni kuwa ina gefe, tef a wuya, fil a baki. Wa ke kula da tela? Sai su yi ta zuba a gabana, a zatonsu Faransanci mai sauri ba ya shiga kunnen 'yar Damagaram.

Bana darakta ya miƙe a taron ƙungiya ya ce Marivaux za a yi. *Le Jeu de l'amour et du hasard*, wanda aka fara nunawa a Paris cikin Janairun 1730. Kuma a fili, a dandalin bayan coci, cikin watan Yuli. Ya yi ta kwarara bayani kan daɗin harshe da zurfin hikima. Aka tafa masa. Ma'ajiya ce kaɗai ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Me ta sani? Marivaux ya mutu tun 1763. Ba magajin da zai zo neman haƙƙi. Da marubucin yana raye, ko bai daɗe da mutuwa ba, sai an nemi izini an biya ƙungiyar marubuta ta SACD, ko da 'yan sa-kai ne ke wasan. Asusun kuwa ƙaf, hayar zauren bara ta lashe shi. Dandali fa? Izinin magajin gari kawai, kujeru ma na aro. Zurfin hikimar ke nan.

Amma wannan ƙaramin dalili ne. Babban na tafe.

Bari in ba ki labarin wasan a taƙaice, don mu da muka yi boko a Nijar Molière muka fi sani. Silvia 'yar gidan arziki ce. An yi mata miji, Dorante, ba ta taɓa sa shi a ido ba. Ta roƙi mahaifinta Orgon ya bar ta su yi musayar kaya da baranyarta Lisette, don ta ƙare wa mutumin kallo bai sani ba. Tsoho ya yarda ba gardama. Kin san dalili? Akwai wasiƙa a aljihunsa daga mahaifin Dorante. Shi ma yaron dabarar da ya ƙulla ke nan: zai zo a matsayin bara, baransa Arlequin ya zo a matsayin ango. Uba ya sani. Ya tsegunta wa ɗansa Mario. Su biyu suka ja baki suka tsuke, suna kallon masoya na dambarwa. Riƙe wannan, zai yi miki amfani.

To, manyan 'yan wasa shida ne, mata biyu rak. A ƙungiyarmu kuwa mata sun ninka maza. Ga kuma Madam ta kantin magani, wadda shekara da shekaru ita ce tauraruwa, ba mai ja da ita, don mijinta ke biyan kuɗin buga takardun talla.

Wata yamma darakta ya zo wurina ya ari ƙyallen siliki, ɗan guntu mai ruwan zuma. Ya nufi kantin magani da shi. Ya shimfiɗa mata a kan kanta, ya ce wannan za ki sa kusan tun daga farko har a tashi, ke kaɗai. Madam ta narke. Da kuɗinta ta sayi yadin, mita bayan mita, har da leshin hannu.

Bai yi ƙarya ba fa. Lisette ce ke yawo cikin rigar uwar ɗakinta har ƙarshen wasa. Silvia kuwa cikin kayan aiki take ƙarewa. Lisette ya ba Madam! Silvia ya ba yarinyar gidan burodi, wadda kullum safe ke miƙa wa Madam burodinta tana ce mata barka da asuba.

Sai da Madam ta kai littafin gida ta zauna da biro ta gane inda aka yi da ita. Duk doguwar hirar soyayya ta yarinyar ce. Nasarar ƙarshe ma tata ce. Washegari ta faɗo mini a ɗakin ɗinki, fuska ba annuri. Ta ce in ƙara matse mata ƙugu, in ƙara faɗin siket. Ta rage murya, ta ce rigar yarinyar kuma a bar ta buhu-buhu, ai baranya ce. Ba a yi awa ɗaya ba darakta ya leƙo, ya ce rigar baranyar nan ta zauna ɗas a jiki, kada in kuskura. Ni fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yi abin da almakashina ya ga dama, rigar ta zauna ɗas.

In gaskiya kike so, darakta ya yi daidai. Madam tana da bakin ban dariya, ita ce ba ta sani ba. Amma bar wannan, mu je ga maza.

Dorante, malamin lissafi ne, gwauro, mai kunya, mai zuwa ko'ina a kan keke. Mario kuwa, yayan Silvia a wasan, kin san wa aka ba? Saurayin yarinyar gidan burodi! Makaniken nan da ya yi mata alkawarin aure tun shekarun baya, har yau ya ƙi tsayar da rana. Mutumin da bai taɓa hawa dandamali ba. Kowa ya ɗauka gadi ya zo yi. Ma'ajiya ma ta ce abin ya tuna mata da fim ɗin Abdellatif Kechiche, *L'Esquive*, na 2004, inda yaran wata unguwa a gefen Paris ke gwajin wannan wasan a tsakar gidajensu, wani yaro ya ba abokinsa toshiya don ya bar masa Arlequin, ya samu kusantar yarinyar da yake so.

Da na tambayi darakta, sai ya kawo mini tarihi, yana shafa gemu. Kuma tarihin gaskiya ne. 'Yan wasan Italiya ne suka fara yin wasan a Paris. Magabatansu ne Sarki Louis na 14 ya kora a 1697, wai don an ce za su yi shaguɓe ga Madame de Maintenon, matar da ya aura a ɓoye. Sai a 1716, bayan mutuwarsa, aka sake kawo wata ƙungiyar daga Italiya. Tauraruwarsu Zanetta Benozzi ce, wadda kowa ke kira Silvia, ita Marivaux ke rubuta wa manyan matansa. Wanda ya fito a matsayin yayanta Mario kuwa mijinta ne na sunna, Joseph Balletti. Gidan ma bai rasa nasa labarin ba: 'yarsu Manon ce ta yi shekaru da alkawarin aure tsakaninta da Casanova, kin san shi, gogan mata, daga baya ta auri wani mai zanen gine-gine a 1760.

Kin ga inda aka dosa? A kashi na uku Mario na fitowa ya yi kamar shi ma son baranyar yake, wato Silvia cikin kayan aiki, don ya tunzura Dorante. Wato makanike zai tsaya gaban malami ya ce masa ya fita harkar yarinyar nan. Darakta ya so kishi na gaske, kyauta, ba sai ya koyar ba. Haka na ɗauka. Haka kowa ya ɗauka.

Yanzu ga matsalar wasa a fili, wadda ba a faɗa a taro. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, fitila ba ta da amfani kafin nan, don haka aka sa 9 da rabi. Ni sai in idar da magariba in rugo. Wasan cike yake da maganar zuci, wadda ɗan wasa zai juya gefe ya yi ƙasa-ƙasa. A fili kuwa ƙasa-ƙasa sai da ihu. Ba kuɗin makirufo. Shi ya sa aka jingina dandamalin da katangar dutse, ta dinga maido da murya. Ga sauro, ga gyare, ga babur ɗin samari. Ga iskar Mistral, wadda in ta taso daga kwarin Rhône sai ta yi awon gaba da gashin kanti da labule. Darakta ya ce ai a Avignon ma, tun da Jean Vilar ya fara bikinsa a 1947, a fili ake yi, cikin farfajiyar fadar Fafaroma, kuma iskar ɗaya ce. To, can suna da ma'aikata. Mu duwatsu na ɗinke a cikin lafin labule.

Babban abin shi ne ba bayan fage. Wurin canza kaya bayan wata ƙatuwar bishiya ne, da motar gidan burodi da aka gindaya. Daga kujeru ba a ganin komai. Daga sama fa? Akwai wata tsohuwa mai baranda a hawa na biyu, ƙafa ta hana ta sauka, barci ya ƙaurace mata. Tana ganin gaban dandamali, tana ganin bayansa, tana ganin lungun gidan burodi. Ni ke rage mata tsawon siket. Sai ki lissafa.

Ita ta fara gaya mini cewa keken malami na jingine a lungun tun ƙarfe 5 na asuba. Ba sau ɗaya ba. Biri ya yi kama da mutum, ko? Kafin sati labarin ya zaga gari. Madam ta taimaka wajen rabawa, tare da maganin tari.

Ranar wasa iska ta taso da yamma, ta kayar da fitila ɗaya. Aka makara wajen minti 20. Darakta ya yi ta duba agogo yana gumi, kuma da dalili. Ƙararrawar cocin nan, kamar ta garuruwa da yawa a kudu, sau biyu take buga kowace awa: ta buga, ta ɗan huta, ta maimaita. Ya auna komai don ta 11 ta same mu muna tattara kujeru. Makara ta rushe lissafin.

Madam ta fito cikin silikinta, ita da ma'aikacin gidan waya mai yin Arlequin. Dandali ya kece da dariya. Tana jin dariyar ta ƙara karairaya, ta manta da fushi. Aka zo kashi na uku. Makanike ya tsaya gaban malami, hanci da hanci. Ya buɗe baki ke nan, ƙararrawa ta ɗauka.

Ba yadda za a yi magana. An koya musu in ta buga su tsaya cak. Suka tsaya. Jama'a suka yi tsit, suna zaton tsarin darakta ne. Ni ina bayan bishiya, taku uku tsakaninmu, allura a hannu. Cikin ƙarar na ji makanike ya ce, ba da harshen Marivaux ba, “Na san keken wa ke kwana a lungu.” Fuskar malami ta yi fari fat, har hodar da na shafa masa ta rasa aikin yi. Ƙararrawa ta huta. Suka yi layi biyu, murya na rawa. Ta sake ɗauka! Wani sha ɗaya, suna kallon juna. Wallahi ban taɓa ganin kishi ya fito haka a dandamali ba. Aka tafa kamar hannu zai tsinke. Darakta har da share hawaye, yana karɓar yabo.

To, ga abin da na tara ki dominsa.

Bayan kwana biyu na hau wurin tsohuwa da siket ɗinta. Ta ce ai ita ba ta ce an yi wani abu ba. Keke ta ce ta gani. Ta tagar gidan burodi kuma abin da take hangowa, yarinya na jera burodi a tire, malami na zaune kan buhun fulawa riƙe da littafi, suna bita. Ƙofa a buɗe, fitila a kunne, mai gidan na kai da komo. Wa ya ce masa ya ajiye keken a lungu, daidai hanyar da makanike ke bi zuwa gareji? Yarinyar.

Ban tsaya nan ba, na lallaɓa ma'ajiya. Ta rantsar da ni, ni ma ga shi na rantsar da ke. Ba darakta ne ya zaɓi makanike ba. Yarinyar ce ta same shi tun cikin hunturu ta ce ko dai saurayinta ya yi Mario, ko a nemi wata Silvia. Littafin da ke ɗauke da labarin Balletti ma ita ta aro daga laburaren gari ta miƙa masa. Shi da ke ganin kansa Orgon, mai wasiƙa a aljihu, ashe shi ma ɗan wasa ne a hannun mai sayar da burodi.

An tsayar da rana, cikin Satumba, a ofishin magajin gari. Makanike da ƙafarsa ya je ya karɓo takardu, ko sati ba a yi da wasan ba. Ni ke ɗinkin rigar amarya. Silikin da ya ragu na Madam ne, ta ce a yi amfani da shi a wuya, don yanzu ita ce babbar aminiyar amarya, ba wanda ya isa ya tuna mata maganin tari.

Malami ne abin tausayi. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi fa da gaske ya faɗa. Ya aiko da rigarsa ta wasa a cikin leda, ta hannun wani ɗalibi, ya ce baɗi aiki zai yi masa yawa.

Baɗin kuwa darakta ya riga ya rada wa ma'ajiya: *Le Mariage de Figaro* na Beaumarchais, na 1784, shi ma kyauta. Kin san labarin? Maigida ne ke farautar amaryar baransa a ranar bikinta. Amaryar, yarinyar gidan burodi yake so ta yi. Figaro, makanike. Maigidan kuma ya ce ya duba duk ƙungiya bai ga wanda ya dace ba sai shi da kansa. Matarsa ba ta ji ba tukuna. Ranar Alhamis zai zo awo.