Jinsunan Masu Fatsa a Jirgin Kamun Tuna

Kifin tuna mai shuɗin fiffike, wanda Turawa ke kira bulufin, yana cikin manyan kifayen teku, kuma sunansa ba shi da alaƙa da kalmar tunawa ta Hausa, ko da yake da wuya a samu wanda ya taɓa jan igiya da shi ya manta. Iri uku ne: na Tekun Atlantika, wanda ya fi girma, har wani mai suna Ken Fraser ya kamo mai kilo 679 a gaɓar Nova Scotia ta Kanada a 1979, da na kudancin duniya, da na Tekun Fasifik, wanda ake ƙyanƙyashewa a ruwan Japan, sannan wasunsa su ƙetare tekun tun suna ƙanana su je kiwo a gaɓar Kalifoniya da Meziko. Saboda wannan na ƙarshe ne jiragen birnin San Diego ke kwasar masu fatsa, su yi da su tafiyar kimanin kilomita 160 zuwa tudun ƙarƙashin ruwa na Cortes da makamantansa.

Makamin da aka fi dogara da shi da dare shi ne kifin ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira jig, wato guntun ƙarfe mai siffar wuƙa ko ganye, mai nauyin giram 200 zuwa 500, wanda aka shafa wa fenti mai haske a duhu aka rataya masa ƙugiyoyi. Idan matuƙin jirgi ya hango garken kifi a na'urar da ke leƙa ƙasan ruwa da amon sauti, sai ya shelanta zurfinsa da ma'aunin gaba, kowa ya saki ƙarfensa, shi kuwa ƙarfen ya riƙa lilo yana gangarawa kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni, har tuna ta ruɗu ta cafke shi. Aikin bai wuce saki da naɗewa ba, amma da yake mutum ashirin ko talatin ne ke yin sa kafaɗa da kafaɗa a tsakar dare, cikin sanyi da rashin barci, yakan tone halayen da mutum ya ɓoye wa iyalinsa shekara da shekaru.

Jinsi na farko shi ne Mai Kaya, wanda ake ganewa tun a tashar jirgi saboda sai an kama masa akwatunansa. Yana da kifin ƙarfe na kowane launi da kowane nauyi, ya jera su bisa tsari kamar mai tireda, kuma ya haƙiƙance cewa rashin kamu ba ya rasa nasaba da launi, don haka duk bayan saki ɗaya yakan koma ya kwance ya ɗaura wani. Tun da garken tuna ba ya daɗewa a ƙarƙashin jirgi, mafi yawan lokacin da ake kamu yakan riske shi durƙushe da tocila a baki yana ɗaurin igiya, alhali babu kifin da ya taɓa hawowa bene ya ciji ƙarfen da ke hannun mutum.

Na biyu shi ne Shehin Intanet, wanda ya sauke karatun kamun kifi kaf ba tare da ƙarninsa ya taɓa hannunsa ba. Ya san cewa salon kaɗa ƙarfe a hankali daga Japan ya fito, kuma Norihiro Sato ne ya shahara da shi. Ya san ikejime, wato dabarar Japanawa ta soke ƙwaƙwalwar kifi da tsiyaye jininsa nan take don kada naman ya lalace. Kuma ba ya rowar wannan ilimi ga kowa, har da ma'aikacin jirgin da ya shekara ashirin yana yin abin da hannunsa. Alamar cizon tuna sau da yawa ita ce igiya ta tsaya cak ƙarfe bai kai ƙasa ba, kuma wannan alama takan zo wa Shehin ne daidai lokacin da ya juya yana bayyana wa maƙwabcinsa muhimmancin lura da ita.

Na uku, wanda ya fi cancantar dogon nazari, shi ne Ƙarfafa, mai ƙirji kamar ƙofar gari, wanda ya ɗauki jingina sandar fatsa a kan dogarin ƙarfen gefen jirgi, kamar yadda gwanaye ke yi, a matsayin aikin raggaye. Abin da bai sani ba shi ne tuna ta bambanta da yawancin kifaye, domin jijiyoyin jininta suna da wani saƙi da ke riƙe zafin da tsokarta ke haifarwa, jikinta ya fi ruwan da take ciki ɗumi, kuma dole ta yi ta iyo ba tsayawa kafin ruwa ya ratsa ta bakinta ta samu numfashi, wanda ke nufin ita tun da aka halicce ta ba ta san hutu ba. A mintuna goma na farko Ƙarfafa yakan yi kirari. A na ashirin yakan yi shiru, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya jiƙe masa riga duk da sanyin teku. Sa'ad da kifin ya kwanta a gefensa ya fara kewaye a ƙarƙashin jirgi, wanda shi ne mataki mafi wuya, gwiwoyin Ƙarfafa sukan fara kaɗawa, sai ya waiwaya ya miƙa sandar ga wani siririn yaron jirgi, yana cewa so yake yaron ma ya samu albarka. Yaron yakan ɗora sandar a kan dogarin, ya mayar da kwarkwaron naɗe igiya ƙaramar giya, ya bar igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta yi masa rabin aikin, ya ƙarasa abin cikin natsuwa.

Na huɗu shi ne Turke, wanda ya zaɓi kusurwa ɗaya a jirgi ya kafe kamar gadonsa ce. Ƙa'idar aikin ita ce kowa ya bi igiyarsa duk inda ruwa ya ja ta, yana ratsawa ta sama ko ta ƙarƙashin sandunan jama'a, amma Turke ba ya motsi, saboda haka igiyarsa takan auri ta mutum shida a lokaci ɗaya, kuma idan aka zo warware rikicin da almakashi shi ne yakan fara tambayar wanda ya jawo wannan ɓarna.

Kusa da shi akwai Mai Camfi, wanda ya yarda da tsohuwar al'adar masunta cewa ayaba na kore sa'a a jirgi, har yakan binciki jakar abincin baƙo da fuskar ɗan kwastan. Idan an kama kifi, hularsa ce ta jawo. Idan ba a kama ba, wani ne ya ɓoye ayaba.

Jinsin da ya fi ƙona wa jama'a rai shi ne Ɗan Sa'a. Wannan yakan kwana a gadon ƙasan jirgi yana fama da jiri da amai, ya fito gab da asuba da sandar haya da ƙarfen aro, ya saki ba tare da ya ji zurfin da aka shelanta ba, sai kawai saniya ta kama. Saniya a bakin masu fatsar San Diego ita ce tunar da ta haura fam 200, wato kimanin kilo 90, kamar dai yadda Bahaushe ya rasa sunan da zai ba babban kifinsa sai ya aro na giwa. Da yake al'adar jiragen ce a yi karo-karo a ba wanda kifinsa ya fi nauyi, Ɗan Sa'a yakan karɓe kuɗin Mai Kaya da na Shehin Intanet, sannan ya tambaye su sunan kifin da ya kama.

Shi kuwa Ɗan Lissafi bai zo don kifi ba sai don ciniki. Ya ji cewa a watan Janairun 2019 Kiyoshi Kimura, mai gidajen abincin Sushizanmai, ya sayi tuna mai kilo 278 daga garin Oma a kan yen miliyan 333.6 a gwanjon farkon shekara na kasuwar Toyosu da ke Tokyo, don haka tun kifinsa na cikin ruwa ya riga ya buga farashin kowane kilo ya sayi gida da mota. Ba ya jin daɗin a tunatar da shi cewa wancan farashi na talla ne da neman suna, cewa tun 2015 dokar Kalifoniya ta taƙaita mai fatsar nishaɗi ga bulufin biyu a rana, kuma dama can doka ta haramta masa sayar da ko da tsoka ɗaya.

Jinsi na ƙarshe, Mai Labari, ba ya bayyana sai jirgi ya juyo gida, kuma ana samun sa ne daga cikin dukkan jinsunan da suka gabata, muddin igiyarsu ta tsinke. Kifin da aka ɗora a sikelin tasha ya gama girma, nauyinsa ya shiga takarda, babu mai ƙara masa ko da giram ɗaya. Wanda ya tsere da ƙarfe a baki kuwa shi kaɗai ne halittar da ke ci gaba da ƙiba ba tare da cin abinci ba, domin yakan bar tudun Cortes da kilo 60, ya iso San Diego da 100, kafin ƙarshen mako ya kusa kamo na Ken Fraser. Wannan ne ya sa, idan aka auna da idon basira, wanda ya kama ba shi ne ya fi riba ba, tun da shi namansa zai ƙare a 'yan watanni, shi kuwa wanda ya rasa ya samu abin da zai ciyar da baƙinsa da shi har tsufansa.