Aljanin Cikin Rauta

Ranar Asabar intanet ɗin gidanmu ya ƙi motsi, fitilun rauta sai ƙyafce-ƙyafce suke babu numfashi. Na zargi yara da cinye data, uwargida kuwa ta ɗauko turaren aljanu.

Ashe ni ne aljanin. Na'urar ƙara zangon Wi-Fi tana haɗe da rautar ta iska, na kuma ƙara mata waya, wai neman ƙarfi. Hanya ta zama biyu, saƙo ya fita nan ya dawo can, yana ta zagaye kamar gulmar unguwa, har layin ya shaƙe. Masaniyar kwamfuta Radia Perlman ta gano maganin wannan tun 1985, amma na'urata 'yar araha ba ta samu labari ba.

Na zare wayar a ɓoye. Har yau turaren ake yabawa.