Zuwa ga Alhaji Alawus, Ɗan Wasan da Ba Ya Sa Riga

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa daga 'yan gidan kallo na Rimin Gado, da fatan kana lafiya a duk durowar da aka kulle ka.

Alhaji, sunanka bai taɓa fitowa cikin sha ɗayan farko ba, amma babu ɗan Super Eagles da ya kai ka juya wasa. A 2013, a Namibiya, da aka raba ka gida biyu, yaran suka ce ba mai hawa jirgin Brazil. Da ƙyar aka lallashe su suka isa a makare. Allah ya rufa asiri Tahiti ce a gaba, aka zuba mata shida. Shekara na zagayowa, ana shirin karawa da Faransa, ka sake yin layar zana, aka ƙi fita atisaye. Faransa kuwa ba Tahiti ba ce. Biyu ta ɗura mana, muka tattaro komatsanmu.

Matan ma ba ka raga musu ba. A 2016 Falcons suka ɗauko kofin Afirka a gidan Kamaru, suka tare a otal a Abuja suna jiranka, har da tattaki zuwa Majalisa. Ta Super Eagles a Rabat kuwa, a Nuwamban 2025, kada ma a tayar da ita, har yanzu wasunmu ba sa son jin sunan Kongo.

A nan garin, in ka ɗauki ɗan ƙwadago ya yi maka noman gero, kafin magariba ka sallame shi, in ba haka ba zance ya kai ƙofar dagaci. Saboda haka ba mu ga laifin yaran ba, guminsu suke nema. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne mu ba mai bin mu ko sisi. Mai gidan kallo ba ya ba da bashi (ya ce janareta ba ta shan alkawari), sai ka biya a ƙofa kafin ka ga benci. Mu biya lakadan, mu bar aikin gona, sannan a ce ƙafafun da muka zo gani sun wuni a ɗakin taro ana lissafin dala?

Roƙonmu ɗaya ne. Duk ranar da ka san ba za ka halarta ba, ka ba direban motar Gwarzo saƙo ya sauke mana a tasha tun da hantsi, mu kai kuɗinmu wajen mai tsire.

Naka,
Wani mai zaman bencin gaba,
Rimin Gado