Bakano a Kan Teku? Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba Ne

Bakano bawana, ina yi maka jaje tun kafin abin ya faru. Labari ya iso mana Zazzau cewa ka ga wani jirgin ruwa a waya, mai fararen ƙyallaye, iska na kora shi, matasa sun jeru a can sama suna waƙa. Wai sai ka bugi ƙirji a bakin shago ka ce za ka kai ɗanka horo a cikinsa, kai ma ka raka shi ka ɗan huta. Hutu fa ka ce! To gyara zama ubangidanka ya yi maka bayani, tunda mu aka sani da karatu, ku kuma da ƙirga canji.

An turo mini bidiyon, na gane jirgin. Statsraad Lehmkuhl ne, wanda aka ƙera a Jamus a 1914, yanzu kuma mazauninsa birnin Bergen na ƙasar Norwe. Tsawonsa mita 98, falwayoyinsa uku, babbar ta kai mita 48, ƙyallayen da ke kama masa iska 22. Yana ɗaukar masu koyo har 150. Ɗaliban sojan ruwan ƙasar na horo a cikinsa, farar hula ma in ya biya sai ya shiga. Matsalarka ta farko ke nan: kai za ka biya, sannan a sa ka aiki. Tun da aka kafa kasuwar Kurmi ban ji Bakanon da ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa wa wani don a ba shi tsintsiya da bokiti ba.

Da an tashi, za a raba ku rukuni uku: ja, fari da shuɗi. Kowane rukuni awa huɗu a bakin aiki, awa takwas a sake, haka dare da rana har a iso tudu. Wanda rabonsa ya faɗa kan ƙarfe sha biyu zuwa huɗu, tsakar dare za a zo a taɓa kafaɗarsa, ya laluba takalmi da rigar ruwa cikin duhu ya fito a ƙirga shi. Na san abin da za ka fara yi, za ka ja shugaban rukuni gefe ka ce, haba yallaɓai, ba ragi? Ba ragi, Alhaji. Ba kuma yaron shago da za ka tura. Ku da kuke cewa zuwa da kai ya fi aike amma kullum aike kuke yi, ga wurin da za a gwada ku.

Cikin awa huɗun nan ana karɓa-karɓa. Wani yana can goshin jirgi shi kaɗai yana zuba ido, in ya hango fitila ta dama ya buga ƙararrawa sau ɗaya, ta hagu sau biyu, ta gaba sau uku. Wani yana riƙe da sitiyari, idonsa a kan kamfas, aka ba shi lamba ya maimaita ta da ƙarfi don a san ya ji, sannan ya tsare ta. Yaro ɗan shekara sha takwas ne fa ke juya wannan ƙaton jirgi cikin dare, kuma wallahi wannan ɓangaren yana burge ni. Wani na zagaya ɗakuna yana shinshina ko akwai hayaƙi. Akwai kuma mai tsayuwa a bayan jirgi kusa da robar ceto, aikinsa kawai ya lura ko wani ya faɗa ruwa. Wannan bawan Allah saboda irinka aka ajiye shi.

Sai kwanciya. Manta da katifarka mai inci goma. Wani yadi ne mai kauri ake ɗaure bakinsa biyu a ƙugiyoyin rufi, mutum ya kama ƙarfe ya ɗaga jikinsa ya zuba a ciki. Ku da yawa a ɗaki ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, kuna reto tare duk inda jirgi ya karkata, kamar jemagu a bishiyar mangwaro. Yaran na shiga cikin tsalle ɗaya. Kai da tumbin da gurasa da balangu suka gina, sai an kira rukuni guda su ɗaga ka. Gari na wayewa a kwance shimfiɗun a naɗe, domin a ɗakin nan ake cin abinci. Bayan karin kumallo a shiga wanke katakon jirgi, goge tagulla har ta yi ƙyalli, da wankin banɗaki. Ɗan minista da ɗan mai facin taya buroshi ɗaya suke karɓa.

Ban ma zo kan tekun ba. In an fita daga Bergen aka nufi tsibiran Shetland, Tekun Arewa ba ya wasa da baƙo. Kwanakin farko da yawa daga cikin yaran fuskarsu takan canza launi, abinci ya ƙi zama. Dabarar ita ce mutum ya fito iska, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ci busasshen burodi, ya ci gaba da aiki. In kuma abin ya taso, ka duba inda iska ta nufa ka yi ta can. Wanda ya yi amai yana fuskantar iska, kayansa za a dawo masa da su nan take, kuma na san Bakano bai son a dawo masa da kaya.

Hawa sama ba dole ba ne ga farar hula, amma yawancin yaran sukan hau. Ana ɗaura wa mutum ɗamara mai ƙugiya, ya bi tsanin igiya ta ɓangaren da iska ke bugowa, don ta riƙa manna shi da tsanin maimakon ta ɓamɓare shi. In ya kai sandar da ke gicciye, sai ya taka igiya ɗaya tilo da ke ƙarƙashinta, ya kifa cikinsa a kan sandar, shi da abokansa su riƙa tattaro jiƙaƙƙen ƙyalle da hannu suna ɗaurewa, ruwa na can ƙasa yana tafasa. Duk wanda zai taka igiyar sai ya sanar, saboda nauyinsa na girgiza na kusa da shi. Kai in ka taka, sauran sai sun yi sama. A ƙasa kuma igiyoyi ne rututu, kowace da sunanta da maratayinta, ana so yaro ya laluba cikin duhu ya kamo wadda aka kira. Ba mai jan ƙyalle shi kaɗai, layi ake yi, a ba da murya, a ja tare.

Waya kuma sai dai ka riƙa kallon hotuna, don da an yi nisa da gaɓa sabis ya ɗauke. Ka yi mako ba ka san farashin atamfa a Kantin Kwari ba! Ga alƙibla da ke sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, ga ranar bazarar can da ba ta faɗuwa sai wajen sha ɗayan dare. Sai ka riƙe kamfas da agogo sosai, don ba ladanin da zai tashe ka.

Na san za ka ce ai Kano ma akwai tashar jiragen ruwa. Akwai, an buɗe ta a 2023, tashar Dala, ta kan tudu. Duk duniya ku ne kuka yi murnar samun tashar jirgin ruwa da ba ɗigon ruwa a cikinta. Iyakar tekunku Tiga, shi ma daga bakin gaɓa kuke tsayawa kuna taya kifi.

Abu ɗaya ne a harkar nan na san zai faranta maka. A Oktoban 2012 jirgin horar da sojan ruwan Ajantina, Libertad, ya tsaya a tashar Tema ta Ghana, sai kotu ta riƙe shi saboda bashin da ake bin ƙasarsu. Aka kwashe yawancin ɗaliban a jirgin sama, shi kuwa jirgin bai bar Tema ba sai Disamba, bayan kotun duniya mai kula da dokar teku ta ce a sake shi. Ka ga ashe har a teku ana kama kaya saboda bashi. Da kana wurin da ka tambayi nawa za a sayar da ƙyallen, yadi-yadi.

Yaron dai ka bar shi ya je, zai iya, uwarsa Bazazzagiya ce. Kai ma in ka dage ba zan hana ka ba, har filin jirgin Malam Aminu Kano zan raka ka. Makullin shago da littafin bashi kawai za ka bar mini.